Ba a kan fitila gizo ke saƙa ba

Wani labari kan rage shan wuta a gidajen adana kayan fasaha ya tsaya kan sauya fitilu zuwa LED masu ƙarancin shan wuta, alhali abin da ya fi shan wuta a gidajen shi ne na'urorin sanyaya ɗaki da daidaita laima, dare da rana, ko babu mai kallo. Tun 2015 ƙungiyar Bizot, ta shugabannin manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya, ta amince cewa nau'o'in kaya da yawa suna jure zafin digiri 16 zuwa 25, da laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. To me ake jira da ba a rage wa na'urorin aiki ba? A ganina masu ba gidajen aron zanen fasaha ne ke kafewa kan tsohon sharaɗi mai tsauri na zafi da laima. Ga kuma jigila, ita ma mai cin makamashi: a ƙera akwatin katako don zane guda, a ɗora shi a jirgin sama har da ɗan rakiya.