"Na zame muku nauyi"

Duk wanda ya taɓa jinyar mai doguwar rashin lafiya ya san wannan maganar. Kana juya shi a kan gado don kada bayansa ya yi gyambo, kana goge masa jiki, sai ya kawar da kai ya ce a hankali, "Na zame muku nauyi." Ita ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ana muhawara kan dokar da ta bai wa likita damar taimaka wa majinyaci ya mutu.

A imanina rai na Allah ne. Amma ko an ajiye addini gefe, a duba yadda abin ke tafiya. Jihar Oregon a Amurka ta fara a 1997, da sharaɗin likitoci su tabbatar saura wata shida ko ƙasa da haka majinyacin ya mutu. Holan da Beljiyam suka halatta a 2002, Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014 har yara suka shigo. Kanada ta fara a 2016, zuwa 2021 ta soke sharaɗin kusantowar ajali, a 2023 kuwa mutum fiye da 15,000 suka mutu ta wannan hanya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali rahotannin Oregon ne na shekara-shekara. Zafin ciwo ba ya kan gaba a dalilan da majinyata ke bayarwa. Rashin iya yi wa kai komai ne a sama, da zubewar mutunci, kuma da yawa suna ambaton tsoron ɗora wa iyali wahala. To tsohuwar da ke kallon 'ya'yanta suna ƙus-ƙus kan kuɗin asibiti, ko naƙasasshen da ya rasa mai kula da shi, idan suka sa hannu a takarda, wane likita ne zai rantse cewa son ransu ne?

Ba na raina azabar mai kansar da ta ci jiki, wallahi na ga irinta. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu buƙatar kulawar rage raɗaɗi ke samunta. Majalisar da ba ta samar wa mutum mofin (maganin kashe zafin ciwo) da mai jinya ba, ban ga da wane ido za ta miƙa masa allurar mutuwa ba.

A 2024 Kanada ta ɗage shigar da waɗanda taɓin hankali ne kaɗai ciwonsu cikin dokar zuwa Maris na 2027. Ɗagewa aka yi, ba a soke ba.