Himoglobin da PCV ba abu ɗaya ba ne

Wani labari kan ƙarancin jini ga masu juna biyu ya ambaci himoglobin da PCV tamkar abu ɗaya, alhali akwai bambanci. Himoglobin sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe a cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma shi ke kai iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. PCV kuwa, wato hematokirit, shi ne kason da jajayen ƙwayoyin suka ci bayan na'ura ta juya jini a siririyar kwalba, suka kwanta ƙasa, ruwan jini mai launin rawaya ya tsaya sama.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matar da ke farkon ciki ko ƙarshensa tana da ƙarancin jini idan himoglobin ɗinta ya gaza giram 11 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini, wanda ya yi daidai da PCV kusan kashi 33 cikin 100, kuma ƙasa da giram 7 ya yi tsanani. Abin da ke damuna matuƙa shi ne sayen maganin ƙarin jini a kemis ba tare da gano musabbabi ba, domin zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila duk suna rage jini, kuma kowanne da irin kulawarsa. Ya kamata ma'aikatan awo su riƙa yi wa mata bayanin lambar da suke rubutawa a katinsu.