Bijimin Baffa a Takarda

A ƙauyenmu, idan yaro ya gama ƙaramar sakandare, tambaya ɗaya ake yi wa ubansa a ƙofar masallaci: Dawakin Tofa ya samu ko Dawakin Kudu? Makarantun kimiyya ke nan, inda ake ƙyanƙyasar likitoci da injiniyoyi. Da aka zo kaina sai Baba ya koma amsawa da tari, don a makarantar kwanan da na samu ajin zane-zane aka sa ni, kuma ni na roƙa da bakina.

Na so in kare kaina da hujjar da malaminmu ya ba mu ranar farko. Na ciro naira ashirin, na juya bayanta, na nuna wa Baba Ladi Kwali tana gina tukunya. Na ce, "Baba, ka ga mai aikin hannu, har kan kuɗin ƙasa ta hau." Ya karɓa ya duba, ya jefa aljihu. Sannan ya zaro dubu ɗaya ya nuna min Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ya ce su kuma waɗannan su wane ne? Na ce tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Ya ce, "To ka ga inda lissafi yake kai mutum, ka kuma ga inda tukunya take tsayawa." Ashirin ɗina har yau ba ta dawo ba.

Masu zaton ajin zane wurin hutu ne ba su san malaminmu ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, kuma ba ya barin mu manta. Ko bokiti za mu zana sai ya bi da mu ta kan su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, ɗaliban da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958 suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba. Bayan wannan tarihi mai daɗi sai a dire mana bokitin. Fensir HB na fitar da siffa, daga 2B zuwa 6B na inuwa, haske ta gefe ɗaya, kuma duk wanda aka kama da rula ya shiga uku. Dalilinsa shi ne a jarrabawar WAEC haka za a jera maka kaya a tebur, ko a zaunar maka da mutum, a ce bismilla. Maganar da ya fi maimaitawa kuwa ita ce mu zana abin da idonmu ya gani, ba abin da kanmu ya riga ya sani ba.

Hutun bazara ya ba mu aiki biyu: jerin kayan gida, da dabba mai rai wadda za ka zauna a gabanta ka zana. Na farkon bai yi tsawon rai ba. Na jera ƙwarya da ludayi da mangwaro a kan turmi, na shiga ɗaki feƙe fensir, na fito na tarar Inna ta ɗauke ƙwaryarta za ta dama fura, ƙannena kuma suna tsotsar ƙwallon mangwaro suna kallona.

Sai na koma kan dabba, kuma a gidanmu idan aka ce dabba, san Baffa ake nufi. Farin bunaji ne mai baƙin kunne, Baffa yana turkarsa don kasuwar Babbar Salla. Dusa da angurya da harawa da kanwa, ba abin da ba ya ci, har akan ce a gidan nan sa ne ke fara karyawa kafin yara. An ɗaure shi a lungu, danga ta bayansa, rumbu ta gefe guda, tarin taki ta ɗayan. Wurin zama ɗaya ne ya rage mai inuwa, wato gaba da gaba da hancinsa. Nan na kafa kujera 'yar tsugunno.

Akwai yadda ake awo a zane. Ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka runtse ido ɗaya, ka sa babban yatsa ka kama tsawon kan dabbar a jikin fensirin, sannan ka ga sau nawa wannan tsawon zai shiga sauran jikin. A aji mu duka muke yi, ba wanda yake ganin wani abu. A tsakar gida kuwa, yaro shi kaɗai da rana tsaka, ya kanne ido yana nuna san mutane da tsinke, bakinsa yana motsi don yana ƙirga, wannan wani labari ne daban. Ban san Kaka ta daɗe a tsaye da butarta ba sai da na ji salati.

"Kai angona, me san nan ya yi maka?"

"Awo nake yi, Kaka."

"Awo? Hatsi ne shi? Sauke hannun nan tun kafin in kira ubanka." Ta tofa addu'a ta dama, ta tofa ta hagu, ta tofa wa san, abin da ya rage ta tofa min.

Duk da haka na gama, kuma ni dai a ganina ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Idan ka zauna dab da hancin sa, abin da ke kusa da kai shi ke cika ido, na nesa ya ƙanƙance. Haka aka koya mana, haka kuma na gani. Hancin ya fito jiƙe yana sheƙi, na bar farar takarda a inda haske ya bugi ƙofofinsa, na danna 6B a ƙarƙashin haɓa. Kai ya cinye rabin takarda. Tozo ya ɗan leƙo ta tsakanin ƙahoni. Cinyoyi da ƙugu kuwa, inda duk kuɗin dusar Baffa suka taru, suna can baya 'yan mitsi-mitsi kamar na ɗan akuya.

Da yamma na kai wa Baffa a majalisa, gindin dalbejiyar da ke kusa da teburin mai shayi, ina jiran a sa min albarka. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗan nan, ina sauran san?"

Na fara bayanin kusa da nesa. Ya ce shi bai san nesa ba, shi da yake shafa cinyar nan kullum da asuba. Takarda ta fara yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce kwarkwata ce aka yi wa ƙaho. Wani ya ce a'a, ai san ne ya rame, dama ya ji ana cewa ya daina cin abinci tunda aka nuna shi da tsinke. Ashe labarin Kaka ya riga ni isowa. Can wani ya tayar da maganar da na san za a zo kanta, cewa zanen abu mai rai babu kyau, ranar gobe za a ce wa mai zanen ya hura masa rai. Aka miƙa wa Liman. Ya gyara tabarau, ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya nesanta ta da fuskarsa.

"Maganar tana nan a littafi, kuma ba ta wasa ba ce," in ji shi. "Sai dai ni a iya shekaruna ban taɓa cin karo da wannan halitta ba. Ku ba ni lokaci in bincika ko tana cikin masu rai."

Har mai shayi sai da ya ajiye kofi ya riƙe ciki.

Da na ga ƙasa na neman tsagewa da ni, sai na jawo tarihi. Na ce ai zanen shanu ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ga Birnin Kudu nan a kan titinmu, makaranta ta kai mu Dutsen Habude da Dutsen Mesa mun ga shanun da mutanen zamanin da suka zana a jikin dutse, gwamnati ma ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa. Baffa ya ce ta ina suka zana su? Na ce ta gefe. Ya ce, "Ka ji masu hankali, kuma ba su yi makarantar kwana ba." Na ce amma shanun nasu ko tozo babu. Ya ce wannan matsalar shanunsu ce, nasa yana da shi, kuma gobe zan sake zane ta gefe, shi zai tsaya a kaina.

Haka aka yi. Aka kwance sa aka fito da shi fili, Baffa ya tsaya a bayana yana numfashi a ƙeyata. In na ja layi ya ce ƙara. In na ƙara ya ce kai rowar fensir kake yi ne, da kuɗinka ake sayen tozon? Ƙirji ya sauko har gwiwa. Cinya ta kumbura ta kusa fita daga takarda, sai da na rage wutsiya don ta samu wuri. Awo da fensir kuwa an haramta shi, Kaka tana zaune a bakin zaure tana gadi. Da muka gama Baffa ya yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba, ya ce yanzu ne ya yarda ana koya mana wani abu.

Ni na ɗauka a ɗaki zai manna. Ranar Juma'a sai ya naɗe takardar ya tafi da ita kara a kasuwar Wudil, yana nuna wa dillalai, yana cewa ɗan makaranta ne ya auna san da ma'aunin Turawa, ba ƙari ba ragi. Washegari sai ga dillali a kan babur, ya goyo wani Alhaji mai babbar riga. Aka kai su lungu. Dillalin ya kalli sa, ya kalli takarda, ya zagaya ta bayan rumbu ya leƙa, ya dawo.

"Malam, wannan ƙanin mun gan shi, Allah ya raya. Ina yayan?"

San Baffa fa ba abin rainawa ba ne, ko a Wudil sai an waiwaye shi. Amma wanda ya taho da hoton giwa a ransa, me za ka nuna masa? Alhajin ya taya da abin da Baffa ya ce ko kuɗin angurya bai kai ba, dillali ya nemi kuɗin mai, aka rabu dutse a hannun riga. Da daddare aka yi zaman gida, aka binciko asalin matsalar, aka gano cewa tun ranar da na nuna san da tsinke kasuwarsa ta karye.

Na je neman zanen farko don in kai makaranta, Kaka ta ce ta sa shi a murhu, kuma in gode mata. Dole na biyun na miƙa. Malam ya ɗaga shi gaban aji ya tambaya ko a garinmu raƙumi da sa suna auratayya. Ya ba ni maki kaɗan, ya ce na tausayin takarda ne.

Sai dai suna ya riga ya fita. Da na dawo hutun gaba mai shayi ya kira ni gefe, ya ce yana son allon talla, a zana masa kofi da burodi, amma da hannun da na zana san Baffa na biyu, yadda mai wucewa a mota zai hango. Na ce to, nawa zai biya? Ya ce in dai burodin ya fito yadda yake so, shayina na sati guda kyauta ne, amma ban da madara.