Ƙananan kalmomin Ingilishi ne ke kada yaranmu

Jama'ar Damagaram, ina da magana a kan yadda yaranmu ke koyon kalmomin Ingilishi. Na san wasu daga cikin ƴan uwana malamai ba za su ji daɗinta ba, amma ku yi haƙuri, ba da wani nake ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe kayen Ingilishi, wato littafin rubutu, na ɗan kwaleji a garin nan ya san abin da ke ciki. An ja layi a tsakiyar shafi, hagu Ingilishi, dama Faransanci, kowace kalma da ma'anarta guda tak, har ƙasa. A bayan kaye kuma ga waƙar nan da kowa ya rera: go, went, gone, aller. Yaro zai kwana yana hadda, gobe ya samu 16 bisa 20, a gida a sa masa albarka. Bayan sati biyu ka miƙa masa takardar da ke cikin kwalin maganin da aka sayo daga Kano ka ce ya karanta maka, sai ka ga yana sosa ƙeya. Shekara huɗu a kwaleji, uku a lise, amma takardar magani ta gagara. Kuma wallahi yaran nan ba daƙiƙai ba ne.

Da can ana iya cewa ina ruwanmu, mu ƴan Faransanci ne. Yanzu wannan uzurin ya ƙare. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ko babu kundin ma, daga nan zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, Yamai kuwa sai ka ci wajen 900. Asibiti, kasuwa, karatu, da yawa daga cikinmu kudu muke nufa. Wayar da ke aljihunka da injin ban ruwan da ke garkarka, duba ka gani da wane harshe aka rubuta bayaninsu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, muna da wata garaɓasa da ɗan Kano ba shi da ita, amma ba mu san muna da ita ba. A shekarar 1066 mutanen Normandi, daga arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru aru-aru. Kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi. Wani lissafi da aka yi a 1973 a kan ɗaya daga cikin ƙamusun Oxford ya nuna wajen kashi 28 cikin 100 na kalmomin daga Faransanci suke, wani kashi 28 ɗin kuma daga Latin, wadda ita ce uwar Faransanci. Saboda haka ɗan lise na Birni ko Zango da ya ga information, ko government, ko difficult, ya riga ya san su tun kafin mushe, wato malami, ya buɗe baki. Furuci kawai ya rage masa. To don me za a ɓata shafi guda ana rubuta masa ma'anar abin da ya sani? Abin da ya kamata a ja masa kunne a kai su ne ƴan tsirarun da suke kama a ido amma ma'ana ta raba hanya. Library ɗakin karatu ne, ba kantin sayar da littattafai ba. Attend halarta ce, ba jira ba. Waɗannan ba su da yawa, malami zai iya bi ta kansu a ƴan darussa.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan kalmomin nan masu harafi biyu zuwa huɗu da ake raina wa: get, put, take, run, off, up. Tsoffin kalmomin Ingilishi ne, ba su da dangi a Faransanci, kuma babu jimlar da ba sa leƙawa. Masu babban ƙamus na Oxford da suka zauna a kan run sun ƙirga mata ma'ana 645, a matsayin aikatau kaɗai. Yaronmu kuwa yana da guda a kaye: courir. Ya san look, ya san after, amma in aka haɗa su aka ce look after, wato kula da wani, sai ya fara waiwaye yana neman abin da ke baya. Ya san give, ya san up, amma give up, wato saduda, ba ta da alaƙa da kyauta balle sama.

Bai ma kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don mu ma haka harshenmu yake. A ce wani Bature ya zo ya rubuta a kayensa cewa "ci" ita ce manger, ya rufe. Ranar da ya ji an ce wane ya ci jarrabawa, wane ya ci bashi, wane ya ci amana, wane ya ci sarauta, yau kasuwar Dole tana ci, me kuke jin zai fahimta? Babu wanda ya koyi waɗannan daga jeri. A cikin magana muka tsince su, kowace da abokiyar tafiyarta.

Kada wani ya ce ina yaƙi da hadda. Hadda gadonmu ce, kuma mun fi kowa sanin yadda ake yin ta. Almajiri ba ya ɗaukar kalma ɗai-ɗai, aya yake ɗauka sukutum, kuma ba ya wanke allo ya manta da baya, kullum yana komawa tilawa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa, a littafinsa na 1885 ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, in an maimaita kuwa sai ta rage sauri. Abin lura, da gaɓoɓin da ba su da ma'ana ya yi gwajin. Kalmar da aka cire daga jimla aka tsayar ita kaɗai a gefen layi, ai ba ta da nisa da waɗannan gaɓoɓin.

Kuma aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su kan ɗauki wajen kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Paul Nation, masanin da ya daɗe yana wannan bincike a ƙasar Niyu Zilan, ya ce mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wannan tafiya ce mai nisa, na yarda. Amma 2,000 ɗin farko a shekara bakwai? Bai kai kalma ɗaya a rana ba. Mu kuwa muna ba yaro talatin a dare ɗaya, rabi ya riga ya sani, rabin kuma ba zai sake haɗuwa da su ba.

Sai maganar da na san za ta jawo mini ce-ce-ku-ce. Me ya sa dole Ingilishi ya biyo ta Faransanci kafin ya iso kan yaron da da Hausa yake mafarki? Da yawa daga cikin ƴan ajin farko na kwaleji Faransancin ma bai zauna musu ba, sai a fassara musu abin da ba su sani ba da abin da ba su gama sani ba. Inda kalma ta yi kama da ta Faransanci, a bi ta nan, riba ce. Inda ba ta yi ba, mushe ya faɗa da Hausa mana, jimla da jimla, a wuce wurin. Masu waya kuma, Google Translate yana da Hausa tun 2013, sai dai a riƙa zuba masa jimla cikakkiya, don in ka ba shi kalma ɗaya shi ma ma'ana ɗaya zai jefo maka.

Roƙona ga malamai ƙarami ne, kuma ba ya bukatar izini daga Yamai. A gwaji na gaba, maimakon a ce yaro ya kawo ma'anar kalma goma, a ba shi kalmar take kaɗai, a ce ya gina jimla uku da ita, kowace da ma'ana dabam. Makin zai faɗi a karon farko, iyaye za su zo da ƙorafi. In sun zo, ku turo mini su.