Yadda nake auna wurin hutun ƙanƙara a tsaunukan Alps

Assalamu alaikum jama'a. Tun da sanyi ya fara kunno kai saƙonni suke shigo mini, daga 'yan uwa mazauna Faris da Landan, har da wasu masu shirin tasowa daga Abuja da Yamai. Tambayar ɗaya ce: wane wuri ya fi kyau a kai iyali wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, abin da Turawa ke kira siki? Galibi mutum zai haɗo da hoton wani ƙauye fari fat, fitilu na ƙyalli, ya ce, "Malam, ya ka ga nan?" Na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya kowa ya gani. Shekarata tara a Grenoble ta Faransa, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu a 1968, duwatsu sun kewaye mu ta ko'ina, kuma abin da zan faɗa da kuɗina da hawayen 'ya'yana na koye shi.

Ma'aunina guda ne. Ka dubi wanda ya fi rauni a cikin tafiyarku, yaro ne ɗan shekara biyar, ko uwargida da ba ta taɓa taka ƙanƙara ba, ko kai kanka, sai ka tambaya: me wurin nan ya tanadar masa daga safe zuwa yamma? Duk sauran abubuwan da ake talla da su, a bayan wannan suke zuwa.

A ƙarshen Disamban 2022 na kai iyalina wani ƙaramin ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, mai tsayin kimanin mita 1,100. Tun watan Oktoba na biya kuɗin ɗaki, saboda hotunan sun burge ni kuma farashin da sauƙi. Wanda ke Turai a lokacin zai tuna irin ɗumin da aka yi a farkon Janairun 2023. Muka iso ana ruwan sama. Da gari ya waye na buɗe taga, sai ga dutse kore da ruwan ƙasa, ciyawa a kwance, a tsakiya wani siririn farin layi kamar an shimfiɗa likkafani daga sama zuwa ƙasa, ƙanƙarar inji ce da aka tara aka baje. A kan wannan layin kowa yake, gwani da ɗan koyo. Filin yara kuwa, da yake a can gindin dutse yake, ya zama taɓo. 'Yata ta tsaya sanye da hular kwano da tabarau, tana riƙe da sandunanta, ta ce, "Baba, ina ƙanƙarar da ka ce?" Ban sami abin ce mata ba. Kwana shida muka biya, ba ta yi zamiyar awa uku cikakku ba, kuma ko sisi ba a mayar mana ba.

Daga ranar na daina kallon hoto, na koma kallon lamba ɗaya kafin komai, wato tsayin wurin. Duk mita 1,000 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6. Hadarin da ya zubar da ruwa a mita 1,000, shi ne yake zubar da dusar ƙanƙara a mita 2,000. Shi ya sa Val Thorens a Faransa, mai mita 2,300, wanda ya fi kowane wurin zamiya tsayi a Turai, yake buɗewa tun Nuwamba ya kai har Mayu. Don ka gane tsayin, Chappal Waddi na Taraba, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419 ce. Kusan a nan mutane suke kwana suna tashi. Tignes mita 2,100 ne, Obergurgl na Ostiriya 1,930, Avoriaz 1,800. Ƙananan wurare kuwa suna shan wuya. La Sambuy da ke kusa da Annecy an rufe shi baki ɗaya a 2023 saboda ƙarancin ƙanƙara da asara, kuma a Fabrairun 2024 kotun binciken kuɗi ta Faransa ta fitar da rahoto cewa tsarin da wuraren nan suka dogara da shi yana tangal-tangal saboda ɗumamar yanayi. Kada wani ya kwantar maka da hankali da cewa suna da injinan fesa ƙanƙara. Injin ruwa yake fesawa cikin iska, sai iskar ta yi sanyin ƙasa da sifiri sannan ya daskare. Idan dare bai yi sanyi ba, injin na nan a tsaye kamar gunki.

Amma a nan ma akwai tarko, kuma shi ya kama ni. Za su rubuta maka cewa wurinsu ya kai mita 2,500. Gaskiya ne, ƙololuwar ke nan, inda gwanaye suke. Kai tambayarka ita ce: filin 'yan koyo a wane tsayi yake? Akwai wuraren da suka yi hankali suka gina filin koyo a sama, ka hau akwatin igiya, wato akwatin da ke ɗaukar mutane a rataye jikin waya zuwa saman dutse, ka sauka a wani shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙanƙara mai laushi, da yamma ka sake shiga akwatin ya sauko da kai. Wannan kaɗai ya fi mini kilomita ɗari na hanyoyin zamiya. Ka kuma duba ina gangaren ya fuskanta. Mai kallon arewa yana riƙe ƙanƙararsa don rana ba ta dukansa sosai. Mai kallon kudu yana narkewa da azahar, ya daskare da dare, da safe ya zama kamar gilashi. Tsayi ma yana da nasa haraji: daren farko a sama da mita 2,000 wasu kan yi ciwon kai da haki, kuma can babu itatuwa, idan hazo ya sauko ba ka bambance sama da ƙasa, idan iska ta taso a tsayar da kujerun igiya. Wanda ke da hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likitansa kafin ya kama ɗaki a irin wannan wuri.

Sai maganar kilomita, wadda ita ce babban abin tallarsu. Les 3 Vallées, inda Courchevel da Méribel da Val Thorens suke haɗe, suna da kilomita 600 na hanyoyin zamiya. Dolomiti Superski na Italiya 1,200. Wani Bajamushe mai zana taswira, Christoph Schrahe, ya taɓa zama ya auna hanyoyin wurare da yawa, ya gano cewa da dama suna ƙara gishiri a lissafinsu. Ko da lissafin daidai ne, ɗan koyo a makonsa na farko hanya uku ko huɗu yake maimaitawa. Katin hawa, wato tikitin shiga akwatuna da kujerun igiya, na kwana shida a manyan wuraren nan ya haura Yuro 300 ga babba ɗaya. Ka biya kuɗin kilomita 600 ka yi amfani da biyar, wannan asara ce tsagwaronta. A wurare da yawa na Faransa abubuwan hawa na filin koyo kyauta ne, yaran da ba su kai shekara biyar ba ma ba sa biyan kati. Ka tambaya kafin ka ciro katin banki.

Shaharar wuri ma haka take. Chamonix na Faransa ina ƙaunarsa, can aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a 1924, Mont Blanc yana tsaye a kanka, akwatin igiya na Aiguille du Midi yana kai ka dab da ƙololuwarsa mai mita 3,842 ka ga ikon Allah da idonka. Ga wanda ya zo kallo, ko gwanin da ya ƙoshi, babu kamarsa. Amma wuraren zamiyarsa a warwatse suke cikin kwarin, sai ka bi bas daga wannan zuwa wancan, kuma yawancin gangarensa masu tsauri ne. Mai ƙananan yara uku da bai taɓa yi ba, ba can zan tura shi ba. Serfaus na Ostiriya ba shi da rabin wannan suna a wurin mutanenmu, amma ƙauyen ya gina kansa ne kan iyali, har ƙaramin jirgin ƙarƙashin ƙasa gare shi tun 1985 don a raba titi da motoci.

Abin da ba a gani a hoto shi ne takalmi. Takalmin zamiya roba ce mai tauri da nauyi, tana kama ƙafa har ƙwauri, ba ta lanƙwasa, tafiya da ita kamar an sa maka mari a ƙafa. Yanzu ka ƙaddara ƙarfe tara saura kwata na safe, kana sanye da shi, ka saɓa allunan zamiyarka a kafaɗa, ka rungumi na yara biyu, ƙaramin yana kuka safar hannunsa ta faɗi, titi ya daskare, ga mita 400 tsakaninka da inda malamai ke jira. Kafin ka isa zufa ta jiƙa ka a cikin riga uku, sai kuma ta huce ta koma sanyi. Don haka idan mai masauki ya ce "muna kusa da filin", ka ce ya faɗa maka mita nawa, kuma hawa ne ko gangara. Ka tambaya ko akwai ma'ajiyar kaya a bakin filin, inda za ka bar takalmin ya kwana a kan na'urar busarwa. A shagon haya kuma, ina gane na kirki da abu ɗaya: zai zaunar da kai ya auna ƙafarka, ya tambayi nauyinka da tsawonka da iyawarka, sannan ya saita maƙalin takalmin yadda zai sake ka idan ka faɗi. Wanda ya miƙo maka kaya ba tambaya, gwiwarka ya sa a caca.

Malaman koyarwa su ne zuciyar wurin. A Faransa za ka ga masu jajayen riguna na makarantar ESF, suna karɓar yara tun daga shekara uku. Ka tambayi yara nawa ne a aji, kuma da wane harshe za a koyar, musamman ku da 'ya'yanku Ingilishi suke ji. A hutun makarantu na Fabrairu azuzuwa cike suke, layin hawa dogo, hanya ranar Asabar a cunkushe, farashi a sama. Wanda yake da zaɓi ya zo tsakiyar Janairu ko cikin Maris. Launukan hanyoyi kuma a san su: a Faransa kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi, a Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa. Kowane wuri shi ke shafa wa hanyoyinsa launi, saboda haka shuɗin wani ƙauyen jan wani ne. Ni hanyar komawa gida nake fara tambaya, domin ƙarfe huɗu na yamma kowa ta nan yake saukowa a gajiye, ƙanƙarar ta tattaru ta yi tuddai, kuma a nan ake yawan faɗuwa.

Kada a yi wasa da rai. Michael Schumacher, zakaran tseren mota, a Méribel ya faɗi a Disamban 2013, a ɗan wurin da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu, kansa ya bugi dutse duk da hular kwano a kansa, kuma har yau bai koma yadda yake ba. Wuri mai inganci za ka ga sandunan alama a jere ba giɓi, raga a bakin rami, katifa ɗaure a jikin kowane turke, da allon da ke nuna haɗarin zaftarewar ƙanƙara daga mataki 1 zuwa 5. A Faransa idan aka ɗauko ka daga kan dutse kai za ka biya, in da jirgi mai saukar ungulu ne kuɗin ba kaɗan ba ne, alhali inshorar 'yan Yuro kaɗan ce a rana, tare da katin hawa ake sayar da ita. Italiya ma tun 2022 ta wajabta wa mai zamiya inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani. Ka kuma tabbatar akwai asibitin sha-ka-tafi mai hoton ƙashi a cikin ƙauyen.

Akwai abin da ya shafe mu mu Musulmi, wanda babu jaridar Turai da za ta auna maka. Abincin duwatsun nan naman alade ya yi masa yawa: tartiflette da guntayen alade ake yin ta, raclette da yankakken alade ake kawo ta, fondue da giya ake narka cukunta. Shi ya sa nake fifita ɗaki mai kicin a kan otal, mu sayi namanmu a mahautar halal a cikin gari kafin mu hau, uwargida ta taho da yajinta da kukarta. Zell am See na Ostiriya ya saba da baƙi Larabawan Gulf, can ba ka rasa gidan abincin halal. Wasu wuraren, irin su Ischgl da St. Anton, sun shahara da shagalin giya da kiɗa da zarar an sauko da yamma. Wanda ya zo da iyali ya san haka tun kafin ya zo. Ɗakin gumi na otal-otal a Ostiriya kuma tsirara ake shiga, maza da mata, kada hoton wurin wanka ya ruɗe ka ka tura iyalinka. Ranar hunturu gajera ce, azahar da la'asar da magariba a kusa da juna suke, duk a lokacin da kake kan dutse. Idan ɗakinka a bakin filin yake, ka sauko ka yi alwala da ruwan ɗumi ka yi sallarka ka koma. Idan sai ka bi bas, to za ka yi ta a lungun ma'ajiyar kaya, ƙasa jiƙe. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, a duba kalanda kafin a biya.

Kada kuma a manta da wadda ba za ta yi zamiyar ba. Maman yarana ta gwada kwana biyu ta ce ya ishe ta, kuma haƙƙinta ne. Wurin da muke zuwa yanzu ƙarami ne, filin koyonsa yana sama da mita 1,800, ana sayar wa masu tafiya da ƙafa katin hawa mai rahusa, akwai hanyar yawo da aka daddale cikin itatuwa. Ƙarfe sha biyu takan hau ta same mu da fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari. Bara tana zaune a kan benci a rana, 'yar tamu ta sauko daga hanyar shuɗi ita kaɗai, ta haɗe bakin allunanta ta tsaya cak a gabanta, ta ɗage tabarau ta ce, "Mama, kin gan ni?"

Duk mai son in duba masa wani wuri, ya turo mini taswirar hanyoyinsa, da shekarun yaransa, da makon da yake son zuwa.