Haramta XL Bully a Birtaniya: an bar jaki ana dukan taiki

Tun da shugabannin 'yan sandan Birtaniya suka fito a farkon shekarar 2025 suna kukan cewa kuɗin ajiye karnukan da aka kama da na biyan likitocin dabbobi ya doshi fam miliyan 25, na ɗauka masu goyon bayan dokar da ta haramta XL Bully, wani nau'in ƙaton kare mai ƙarfi, za su ɗan sassauta murya. Ashe ban san su ba. Sai ga wasu jaridun ƙasar sun koma nuna yatsa ga Cane Corso, wani ƙaton kare ɗan asalin Italiya, suna cewa shi ne ya gaji XL Bully a hannun matasa masu son kare mai ban tsoro, saboda haka shi ma a sa shi cikin jerin haramtattun karnuka. Wannan magana ce ta ɓata mini rai, domin duk wanda ya faɗe ta ya amsa da bakinsa cewa dokar ba ta magance komai ba, amma kuma yana neman a ƙara irinta.

Ga yadda aka faro. A watan Satumba na 2023 aka yi ta yaɗa bidiyon wata yarinya mai shekara 11 da kare ya far wa a kan titi a Birmingham, bayan 'yan kwanaki kuma karnuka biyu suka kashe wani magidanci a wani ƙauye na yankin Staffordshire. Washegarin mutuwar mutumin, ranar 15 ga watan, Firaministan wancan lokaci, Rishi Sunak, ya yi shelar cewa za a haramta XL Bully kafin ƙarshen shekara. Daga 31 ga Disamba aka hana sayar da shi da kyautar da shi da haɗa shi barbara, aka kuma wajabta sa masa takunkumi da igiya a bainar jama'a. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kuwa mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi a Ingila da Wales. Wanda ya zaɓi a kashe karensa, gwamnati ta ba shi fam 200 ya rage zafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hanyar da ake gane kare mai laifi. XL Bully ba jinsi ba ne da ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya ta amince da shi, don haka a ranar da Firaminista ya yi shelar, gwamnatinsa ba ta ma da bayanin abin da take shirin haramtawa, sai daga baya aka tara masana su zauna su siffanta shi. Abin da suka fito da shi awo ne irin na tela. Idan namiji ne, tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ya kai inci 20. Idan karya ce, inci 19. Sai a duba faɗin kai da kaurin wuya da girman ƙirji. Ɗan sanda zai shigo gida da tef ɗin awo, ya durƙusa gefen karen da ke kaɗa masa bindi, ya auna, ya rubuta, kuma wannan rubutun na iya zama sanadin tafiya da shi ko da bai taɓa yi wa kowa gurnani ba. Gwajin jini ba ya cikin lissafi, takardar asalin iyaye ma haka. 'Yan kwikwiyo biyu da uwa ɗaya ta haifa rana ɗaya, ɗaya zai iya tsira saboda ya gaza inci guda, ɗayan ya shiga hannu. Idan magana ta je kotu kuwa, mai karen ne doka ta ɗora wa nauyin tabbatar da cewa karensa ba ya cikin haramtattu, saɓanin ƙa'idar da Turawan Ingila suke alfahari da ita cewa mai ƙara shi ke kawo hujja.

Ba yau aka fara wannan wasan ba. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991, wadda Kenneth Baker ya gabatar yana ministan cikin gida bayan Pit Bull ya yi wa wata yarinya 'yar shekara shida kaca-kaca a Bradford, an zartar da ita cikin 'yan makonni, har ta zama misalin da ake bugawa idan ana maganar dokar da aka yi cikin fushi. Ta haramta Pit Bull da Tosa na Japan, aka haɗa da Dogo Argentino da Fila Brasileiro. Shekara 27 bayan haka, a 2018, kwamitin majalisar dokoki mai kula da muhalli da abinci da karkara ya bincika, ya tarar cewa yawan mutanen da ake kwantarwa asibiti saboda cizon kare ya ƙaru da kashi 81 cikin ɗari tun 2005, ya kuma buƙaci gwamnati ta sake duba hikimar hukunta kare saboda kamanninsa. Gwamnati ta ji, ta kau da kai. Shi kansa XL Bully ai daga zuriyar Pit Bull aka samo shi a Amurka, kuma ya samu kasuwa a Ingila ne domin yana ba masu son kare mai kwarjini abin da suke nema ba tare da sun taka doka ba. Dokar 1991 ce ta buɗe masa ƙofa, kamar yadda ta 2023 take buɗe wa Cane Corso yanzu.

Masu kare dokar suna cewa XL Bully na da hannu a kaso mai yawa na mutanen da karnuka suka kashe daga 2021 zuwa 2023, kuma gaskiya ne, sai dai ba su taɓa bayyana mana abin da zai hana masu kiwon da suka samar da waɗancan karnukan su samar da wasu da sabon suna ba. Su ma masu sa wa ƙaton kare hula suna ɗaukar hoto suna rantsuwa cewa ba ya iya kashe ko ƙuda, ba su taimaki kowa ba. Dabbar da ta kai nauyin babban mutum, idan ta kama yaro, ba a ƙwace shi da lallashi.

Wasu ƙasashen sun bi wannan hanya sun dawo. Holan ta haramta Pit Bull a 1993, bayan shekara 15 ta sanar da janye haramcin saboda cizon bai ragu ba. Italiya ta taɓa jera jinsuna 92 na karnuka masu haɗari, ta rage su zuwa 17, a 2009 ta soke jerin gaba ɗaya ta mayar da alhakin kan mai kare. A birnin Denver na Amurka, masu zaɓe ne da kansu suka kawar da haramcin Pit Bull na 1989 a watan Nuwamba na 2020. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya da ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi na RSPCA da Dogs Trust duk sun gargaɗi gwamnatin Sunak kan haramcin, amma zaɓe na ƙaratowa, kuma haramta suna ɗaya ya fi saurin shiga kanun labarai a kan ɗaukar ma'aikatan sa ido.

Sakamakon ya fito tun ba a je ko'ina ba. Gwamnati ta yi ƙiyasin akwai XL Bully kimanin 10,000, sai ga fiye da 55,000 an yi musu rajista, wanda ke nuna cewa hukuma ba ta san abin da ke cikin gidajen jama'arta ba. Waɗanda suka biya fam 92 da ɗoriya kuɗin rajista, suka sayi inshora, suka kai karnukansu aka dandaƙe, su ne dama masu bin doka. Wanda ke haɗa barbara a bayan gida yana sayar da kwikwiyo ta intanet bai je ko'ina ba. Kwana biyu kacal da fara aikin dokar mallaka a Fabrairu 2024, karnuka irin waɗannan suka kashe wata dattijuwa a cikin gida a Jaywick da ke Essex, inda takunkumi da igiyar da doka ta wajabta a kan titi ba su da wani amfani.

Na taɓa zama maƙwabcin wani mutum da ya ɗaure karensa da sarƙa a jikin turke dare da rana, a cikin zafin bazara, yana ba shi abinci in ya tuna, yara kuma suna jifansa ta saman katanga. Karen gida ne na yau da kullum, irin wanda ba ya cikin jerin kowace ƙasa. Ranar da sarƙar ta tsinke, duk layin sai da ya rufe ƙofa. Shi ya sa idan na ji wasu a nan gida suna cewa a kwaikwayi Ingila a haramta Rottweiler ko Boerboel da masu hali ke ajiyewa a Abuja da Kaduna, nakan tuna da wancan turken, in kuma tuna cewa ciwon haukan kare da ke kashe yaranmu bai san jinsi ba.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A dawo da lasisin mallakar kare da Ingila ta soke a ƙarshen shekarun 1980, a matsa wa masu kiwo don sayarwa, a hukunta mai kare tun daga ƙorafin farko kafin a kai ga jini. Dokar da ake da ita tun 2014 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda karensa ya kashe mutum, ko da a cikin gida ne. Fam miliyan 25 ɗin da aka ƙiyasta za a kashe wajen ajiye karnukan da ke kulle da biyan likitocinsu, da ya isa a ɗauki jami'ai masu yawa da za su ƙwanƙwasa ƙofar irin maƙwabcin nan nawa.