The Order: 1886 kallo ne, a daina tura yara su saye shi da sunan wasa

Wanda ya sayar wa yaron nan shariɗin (faifan wasan bidiyon) The Order: 1886 a kan riyal 150 daren jiya, Allah ya ƙara kasuwa, ba da shi nake ba. Ɗan kasuwa ya ga mai saye ya sayar. Da ku nake, ku da kuka cika guruf da "masha Allah, ku dubi hoto", kuna ta turo guntun bidiyon jirgin balan-balan yana ratsa hazon Landan, har bawan Allah ya zare kuɗin mukafa'arsa (alawus ɗinsa na ɗalibi) ya aiko daga Madina zuwa Jidda. Duk yawanku ba a samu mutum ɗaya da ya tambaya ba: in an riƙe kwantirolar, me ake yi da ita?

Kusan ba komai. Kallo ake yi.

Kyau kam yana da shi, wannan ba a musu. Tun 20 ga Fabrairun 2015 ya fito a PS4, amma har yau in ka kunna shi kusa da wasu sababbin sai su ji kunya. Kamfanin Ready at Dawn sai da suka haɗa na'urar ɗaukar hoton yadi don saƙar zaren rigar Galahad, jarumin wasan, ta fito yadda take. Hasken fitilar gas a kan jiƙaƙƙen dutsen titi, tagullar bututun tururi, hayaƙi a saman rufin unguwar Whitechapel, duk sun zauna daram. Ba ka ma gane inda fim ya ƙare wasa ya fara. Mai son salon sitimfank, duniyar injin tururi da jan ƙarfe da jiragen balan-balan, idonsa zai ƙoshi. Idon kawai.

Babi 16 ne da gabatarwa. A cikinsu akwai babukan da daga farko har ƙarshe fim ne, sai ka ajiye kwantirola ka je ka haɗa shayi ka dawo ba ka rasa komai ba. Kuma ba a tsallake su, ko da karo na biyu kake bugawa. Tun kafin ranar fitowarsa wani ya ɗora shi gaba ɗaya a YouTube cikin kimanin awa biyar da rabi, da fim ɗin da komai. Mai tafiya a hankali yana leƙa kowane lungu zai kai awa bakwai ko takwas. Dala 60 aka sayar da shi a lokacin, riyal 225 ke nan. Babu buga wa da aboki, babu na intanet, babu hanya ta biyu a labarin, babu makamin da za ka inganta. Ka fara bayan isha'i ranar Alhamis, kafin kiran asuba an rubuta sunayen ma'aikata. Farantin mandi ne da aka yi wa ado da zabibi da lemun tsami, ka kai hannu ka tarar loma uku ce.

Sauran lokacin da aka ba ka kwantirolar ma, ga abin da ake sa ka. Ka yi tafiya a hankali domin an hana ka gudu a wurin. Ka ɗauki jarida ko hoto, ka jujjuya shi da sandar hagu, ka ajiye, bai buɗe maka komai ba. Ka buɗe kwaɗo da jin girgizar kwantirola. Sai alama ta fito a allo, danna kaza yanzu, in ka makara ka mutu a maimaita. Wannan shi ne abin da kuka yi wa kabbara.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne makaman. An ce Nikola Tesla ne maƙerin rundunar su Galahad, kuma bindigogi biyu da aka ƙirƙira suna da daɗi na gaske. Ɗaya tana fesa garin alminiyam da tsatsar ƙarfe ya tsaya a iska, sai ka harba tartsatsi a ciki, wuta ta zubo wa wanda ya ɓuya a bayan akwati. Ɗayar tana tara lantarki, ka saki ta tsaga mutum. Da a kan waɗannan biyun aka gina wasan da yanzu wata magana muke yi. Amma sai a ba ka su a wurare kaɗan a karɓe, a mayar da kai kan bindiga da fistol irin na kowane wasa. Ka laɓe bayan bango, ka leƙo, ka harbi kai, ka koma. Abokan gabar kuwa yawancinsu mutane ne, 'yan tawaye da masu gadin wani kamfani na cikin labarin.

Su kuma masu rikiɗa su koma kerkeci, waɗanda aka yi tallar wasan da su? Faɗansu guda ne ake maimaitawa: ka tsaya a lungun sito, ya taho a guje, ka danna X ka kauce, ka harbe shi, ya koma ya sake tahowa ta hanyar da ya bi ɗazu. In ya faɗi ka soke shi da wuƙa. Manyan biyun, na asibiti da na ƙarshen wasan, faɗan danne-danne ne, kuma na ƙarshen kusan kwafin na farkon ne. Ace shekaru ana gina wasa, a rasa faɗan rufewa na daban.

Wani ya ce ai labari ne, labari ake bi. To Malam, labarin ma ai bai ƙare ba. Daidai inda ya fara ɗaukar zafi aka yanke shi domin a yi na biyu, na biyun bai zo ba. Facebook ya sayi Ready at Dawn a 2020, aka mayar da su wasannin gilashin Oculus, a 2024 kuma Meta (sabon sunan kamfanin Facebook) ya rufe kamfanin. Mai jiran ci gaba sai ya gyara zama.

Wani kuma ya ce baƙaƙen layukan sama da ƙasa ai salon silima ne. Salo ne, amma lissafa: hoton 1920 ne a 800, talabijin ɗinka kuwa 1080 yake ɗauka. Layi 280 sun tafi, rubu'in allon da ka saya da kuɗinka. In ka laɓe bayan akwati, kafaɗar Galahad ta cinye wani ɓangaren, abokin gaba mai bindiga yana zuwa ta gefe ba ka gan shi ba sai ya iso. Firem 30 ne a daƙiƙa, kuma ko a PS5 ka saka shi 30 ɗin ne, ba ƙari. Masu cewa "a PS5 zai fi" ku huta.

Sannan akwai wata magana da babu wanda ya gaya wa yaron, kuma ita ce ta fi kamata a fara faɗa. A farko-farkon wasan ana ratsa gidan karuwai a Whitechapel, da tsiraici a fili. Ba abin kunnawa ba ne a falo ƙanne suna zaune, balle a ɗakin ɗalibai. A 2018 da jaridu suka buga jerin wasanni 47 da hukumar kula da kafofin gani da sauraro ta ƙasar nan, Saudiyya, ta hana, sunansa na ciki. Wanda ya tura ƙaninsa ya sayi abu, wallahi haƙƙi ne a kansa ya faɗa masa wannan.

Ƙanena, in tururi da tagullar kake so kuma kana son hannunka ya yi aiki, ga Dishonored na 2012, an sake fito da shi a PS4 a 2015. Hotonsa bai kai ba, amma gida ɗaya za ka iya shiga ta rufi, ta taga ko ta magudanar ruwa, kuma ana iya gama shi ba a kashe kowa ba, ƙarshen labarin ma ya canza. Na biyunsa na 2016 yana da wani gida da bangaye da benaye suke juyawa in ka ja liba, wannan babin kaɗai ya fi The Order abin yi. In kuma kana da haƙuri, Lies of P na 2023, aikin 'yan Koriya ta Kudu: kana cire ruwan makami ka ɗaura shi a kan ƙotar wani, ƙotar ce ke ba da salon sara, kuma dole ka riƙa wasa makamin a tsakiyar faɗa ko ya dakushe. Zai kai ka awa talatin, zai kuma sa ka yi ta istigfari.

Mai son ganin The Order, ya ara ko ya kalla a YouTube. Shi kuma shariɗin hannu, kowanne ne, a ɗaga shi a haske a duba ƙasansa, a saka shi ya gama sauka a na'ura kafin a miƙa kuɗi. Mai PS5 marar wurin faifai kada ma ya fara.

Af, kuma ku masu kukan PS4 ɗinku na ƙara kamar zai tashi sama in an saka irin waɗannan wasannin: ba laifin shariɗi ba ne. Ƙura ce da laimar Jidda suka dunƙule a bayan fanka. Ku fito da shi daga cikin kabad ɗin talabijin, ku bar masa sarari kamar tafin hannu ta baya. In za a buɗe, sukudireba mai bakin tauraro ake nema, T8 ko T9 mai rami a tsakiya, a cire wuta tukuna, a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska don kada ta yi ta juyawa ta lalace. In an share ƙarar ba ta ragu ba, man da ke kan firosesa ne ya bushe, a canza shi. Kuma don Allah a daina ɗora shi a kan kafet.